Kwamfuta a Turke

Na rufe farin shafin da na yi rubutu a kai, sai ga soja a bayansa yana kallona.

Ba ƙaramin soja ba. Hula a karkace, baƙin tabarau, gashin baki kamar an ja shi da gawayi, taurari a kafaɗa, ga wata igiya ruwan ɗorawa ta sauko daga wuyansa zuwa ƙirji. Ya cika gilashin kwamfutar daga sama har ƙasa. Yadda ya tsaya ɗin nan, sai ka ce tun ɗazu yake laɓe a bayan shafin yana karanta abin da nake bugawa. Abin da na buga kuwa sunana ne, da sunan mahaifina, da unguwarmu, Old Maiduguri, har da cewa gidanmu ne mai dogon yaro a ƙofa. Na adana shi kamar yadda aka koya mana. Ga shi nan ya fito, ɗan mitsitsin hoton takarda da cikakken sunana a ƙarƙashinsa, ya zauna daidai kan aljihun sojan.

Na kifa murfin. Na sake ɗagawa. Yana nan, sunana ma yana nan.

Har yanzu da nake rubuta wannan, da biro nake rubutawa. Bari in koma baya kaɗan.

Da na gama sakandare sai aka sa ni makarantar koyon buga tafireta. Kwamfuta ɗaya rak gare su, a lulluɓe da mayafi a kan teburin malam. Mu a kan kwali muka koya, wanda malam ya zana wa maɓallai da biro. Ranar Alhamis ake yaye mayafin, kowace ta buga sunanta da unguwarsu, ta adana, ta tashi ta ba wata. Gogewa kuwa ba a koya mana ba. Malam ya ce wannan maɓallin nasa ne shi kaɗai, duk wadda ta kai yatsa wurin ta kama hanyar gidansu.

Baffa ƙanin mahaifina ne, a gidansa na tashi, matarsa Inna ita ta raine ni. A ruga aka haife shi, sai da ya yi gemu ya shigo gari ya kama fataucin shanu. Ya ji an ce 'yan jami'a na neman mai buga musu takardu, sai ya ce gara in zauna a gida in yi nawa, da in riƙa zarya shagon wani. Ya ce a nemo mini kwamfuta ta hannu, irin ta tafi-da-gidanka. Wa ya sa ya nemo? Dillalinsa na kasuwar shanu.

Baffa bai taɓa sayen ko akuya daga hannun mai ita kai tsaye ba. A wurinsu mai dabba da mai saye ba sa ganin juna sai an yi sallama. Dillali ne a tsakani, kuma ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗi mai kaya ba, kada a zagaye shi a hana shi la'ada. To haka dillalin ya kawo ta a naɗe cikin zani. Ya ce ta wani mutum ce a unguwar Shehuri, mutumin kirki, ba ya amfani da ita. Shi kansa bai taɓa buɗe ta ba.

Baffa ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Ya leƙa ƙarƙashinta. Ya sa na buɗe, ya bi maɓallan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

“Haƙoranta sun cika?”

“Sun cika, Baffa.”

Na kunna, ta tashi a kan farin shafi. Ya kara kunne a gefenta, inda iska mai ɗumi ke fita, ya saurara, sannan ya ce, “Tana tuƙa. Lafiyarta ƙalau.” Duk da haka ya ce ba zai yi sallama ba sai ta kwana biyu a gidanmu an ga cinta da kwananta, kamar yadda ake yi wa saniyar da ba a san garkenta ba. Tun daga lokacin bai sake kiranta kwamfuta ba. Karsana yake ce mata. Suka fita shi da dillalin, ni kuma na zauna a kan tabarma na buga abin da na iya bugawa.

Da na ga sojan nan ya ƙi tafiya, sai na kira Inna. Ta zo da muciya a hannu, ta leƙa, ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe kai.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe,” ta ce wa gilashin. Sannan ta sunkuyo kunnena. “Yana jinmu?”

“Hoto ne, Inna.”

“Na san hoto ne. Cewa na yi yana jinmu?”

Wallahi ban iya ce mata a'a ba.

Mulkin soja ake yi, kowa ya sani. Kaki ko a shanye a igiya mutum ya gan shi, sai ya rage sauri ya wuce a hankali. Kuma kowa a unguwa yana da labarin wani da ya sayi rediyo ko agogo a hannun wanda bai sani ba, ashe daga bariki aka ɗauko, aka zo aka tafi da shi a bayan mota. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin mutanen nan da idona ba, amma na yarda da labaran duka. Su ma rediyo suka saya. Ni kuwa na rubuta sunana da kwatancen gidanmu na liƙa a ƙirjin mai kayan.

Baffa ya dawo bayan azahar. Ya daɗe yana kallon sojan, sai ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

“Karsanar nan da shaida a jikinta,” ya ce. “Ta sata ce.”

Ya fita neman dillali. Aka ce ya bi kasuwannin ƙauye, ba a san ranar dawowarsa ba.

Inna ta ce a naɗe ta a buhu a kai ta ƙauyen Dusuman, a tura cikin geron yayanta, kada a sake zancen. Ko kuma rijiya, ga ta nan a bayan gida. Na ce rijiyar ta fi kusa. Baffa ya dube mu kamar mun zagi kakansa.

“Wanda ya ɓoye saniya shi ya sace ta, ko da a hanya ya tsinta. Dabbar da ake shakka, turke ake kafa mata a ƙofar Bulama. Kowa ya gani, mai ita ya zo ya faɗi shaidarta, ya kwance abinsa.”

“Baffa, sunana fa yana ciki.”

“Shi ya sa ke za ki zauna da ita. Ɓarawo ba ya zama kusa da turke.”

“Idan suka zo fa?”

“Su tarar da ke a fili. Wanda aka tarar a fili ba a dukansa sosai.”

Wannan “sosai” ɗin ita ta hana ni cin tuwo.

Washegari muka tafi wurin Bulama, wato mai unguwarmu. Tsoho ne mai jan haƙori saboda goro, Hausarsa da kanurin baki. “Wushe, wushe,” ya ce, aka daɗe ana gaisuwa ni ina tsaye da zani a rungume. Da Baffa ya gama bayani, Bulama bai yi ko murmushi ba. Tambaya ɗaya ya yi.

“Me take ci?”

“Wuta,” in ji Baffa.

Aka jawo waya daga shagon mai aski, shi ne mai ɗan janareto a layin. Aka kifa turmi a gindin bishiya aka ɗora ta. Baffa ya zaro igiya daga aljihu, ya zagaya ta a wuyanta, wato inda murfi ya haɗu da jiki, ya yi irin ƙullin da ake yi wa maraƙi, wanda ba ya shaƙewa kuma ba ya kwancewa. Ya ɗaure a turke. A turken nan akwai wani ɓataccen rago da aka kawo tun kafin mu. Ya sunsuni wayar, na kore shi. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakaninsu.

Inna, Allah ya saka mata, ta ba ni guntun filasta na liƙe sunana da shi. Bulama ya zo ya sa farce ya ɓanɓare.

“Fero,” ya ce, haka yake kiran kowace yarinya, “ba a rufe shaida.”

Aka sa mai shela ya zaga da cigiya. Kafin rana ta take, ƙofar Bulama ta cika.

Ban taɓa ganin taro mai shiru irin wannan ba. Mutane su zo da hayaniyarsu, da sun ga tabarau sai murya ta sauka. 'Yan acaɓa na rage wuta. Wani ya cire takalmi tun daga nesa. Wani tsohon mai gadin banki ya ƙame ya sara masa, ya ƙi sauke hannu sai da Bulama ya ce an sallame shi. Daga nan aka shiga gardamar muƙami, cikin raɗa. Wannan ya ce kanar ne. Wancan ya ce ina, dubi igiyar nan ruwan ɗorawa, ba a ba mutum ita sai ya ci yaƙi. Mai gadin ya ce shi ya san igiyar, ta masu shiga wurin shugaban ƙasa ba tare da sallama ba ce.

Kowa kuma sai ya matso ya karanta abin da ke kan aljihun, da ƙarfi, harafi harafi. Sunana. Sunan babana. Sai a juyo a dube ni.

“Ke ce?”

Sai in gyaɗa kai.

Zuwa la'asar labari ya juya. Wasu suka ce 'yarsa ce ni, wasu suka ce matar da zai aura. Wata mata da ba ta taɓa amsa gaisuwata ba ta aiko mini da kunun gyaɗa a kwanon sha mai murfi. Wani dattijo ya durƙusa a gefen tabarmata ya ce don Allah in buga wa mai girma cewa famfon layinsu ya daina kawo ruwa. Na ce ba ya karɓar saƙo. Ya ce ya sani, manya ba sa karɓa, amma suna gani. Sai da Bulama ya ce ba a ƙara wa dabba shaida tana kan turke, sannan ya tashi, yana waiwayen gilashin.

Yanzu in na faɗa sai a yi dariya. Ni a lokacin ba na jin komai sai ƙarar mota. Duk motar da ta karyo kwana, sai in ce shi ke nan, ga su nan sun zo. Ina ta shirya abin da zan ce. In ce ban saya ba, gwaji ne. Su ce to me ya kai sunanki ƙirjin oga? In ce haka aka koya mana. Su ce goge. In ce wannan ba a koya mana ba. Duk ta inda na ɓullo, a bayan mota nake ƙarewa. Na sa zani biyu, don na ji an ce ba a barin mutum ya ɗauki kaya. Kunun nan ban iya sha ba, rago ne ya shanye.

Da magariba a kwance ta a shigar da ita zauren Bulama tare da ragon. Da safe a fito da su, ni ma in fito.

Ana haka sai ga wata mai tallan turaren wuta, daga cikin gari ta zo, ta kutsa don ta ga abin da ake kallo. Ta sauke tirenta, ta ƙura ido, sai ta tafa hannu.

“Kai! Wannan ai telan layinmu ne a Shehuri! Leshina yana hannunsa tun kafin azumi!”

Mutanen da ke kusa da ita suka dare kamar ta kama da wuta.

“Baiwar Allah, ki rufa mana asiri,” in ji mai gadin.

“Asirin me? Ga gashin bakin nan! Kullum sai ya ce in dawo jibi!”

Bulama ya ce ta ɗauki tirenta, Allah ya ba da kasuwa. Ta tafi tana rantse-rantse, tana cewa yau sai ya ba ta leshinta ko da janar ne. Aka yi ta jajanta mata a bayan ido, ana cewa zafin rana ne. Ni ma haka na ɗauka. Har na ji tausayinta, na ce ga wadda za mu zauna tare a bayan mota.

Ranar ce mai rago ya zo. Ya faɗi shaida, tsaga a kunnen hagu, ya kwance abinsa. Ragon ya tafi bai ko waiwaye ni ba.

Bayan la'asar, ina zaune ina kallon inuwar bishiya tana tsawo, sai na ji wani ya ce daga bakin layi, “Mai hoton ya zo.”

Na so in yi addu'a, sai addu'ar cin abinci ce kawai take zuwa bakina, na yi ta maimaita ta. Taro ya buɗe hanya. Ina jiran mota, ina jiran takalma masu ƙarfe.

Keke ne ya shigo. A kansa wani ɗan siririn mutum, gajere, da silifa, zare duk ya manne a rigarsa. Gashin bakin nan dai shi ne. A wuyansa kuma ga igiya ruwan ɗorawa tana reto, ta awon ɗinki. Bai tsaya jingine keken ba, ya sake shi ya faɗi, ya yi tsalle ya kifa murfin kwamfutar, ya baje rigarsa a kai kamar kaza a kan ƙwai.

“Don girman Allah,” ya ce, “wa ya ce a nuna?”

“Kai ne mai ita?” in ji Bulama. “Faɗi shaidarta.”

“Baba Bulama, mu shiga daga ciki.”

Muka shiga zaure, Bulama da Baffa da shi da ni. Sai da Baffa ya kwance igiyar daga turke ya riƙe bakinta, telan kuma ya rungumi kwamfutar, suka shiga a jere.

Telan ya fara bayani. Ya ce wani babban hafsa ne ya kawo masa kaki ya rage masa hannu. Da ya gama, sai ya ce bari ya gwada ya ga zaman kafaɗa. Ƙaninsa da ke aiki a Legas yana gida lokacin, da kyamara, ya aro masa tabarau ya ɗauke shi, don wasa. Ƙanin ne ya san yadda ya yi ya sa hoton a cikin kwamfutarsa, aka yi dariya, aka kashe. Ya bar masa kwamfutar ya koma.

“Na ɗauka in an kashe ya tafi,” ya ce. “Kamar mai karanta labarai a talabijin.”

“Wato kai ba kanar ba ne?” in ji Baffa.

“Alhaji, ko kofur.”

“Taurarin fa?”

“Na mai kakin ne. Kuma har gobe yana kawo mini ɗinki. In ya ji na sa kayansa har an ɗaure ni a turke ana sara mini, na shiga uku. Mutum nawa suka gani?”

“Unguwa ce kawai,” in ji Bulama. “Da maƙwabtanta.”

Telan ya dafe kai. Can ya ce ya fasa sayarwa, a ba shi abinsa ya tafi. Baffa ya ƙara naɗe igiyar a hannu.

“Sunan 'yata yana jikinta. Ba ta fita.”

“Fuskata ce a jikinta, Alhaji!”

“Shaidarmu ce a sama.”

“Tawa ce ta riga!”

Bulama ya ɓare goro, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a goge duka biyun. Su ukun suka juyo gare ni.

“Ba a koya mana ba,” na ce.

Telan ya ce ƙaninsa sai babbar Sallah. A waje ana jin mai gadin yana hana mutane leƙe, yana cewa manya na ganawa.

Bulama ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin dabba mai shaida biyu da kowa ke gudun tasa ba. Ba ta rabuwa, ba ta yankuwa, kuma ba zai ƙara kwana da ita a zaurensa ba. Ya ce tunda don yarinya aka kawo ta, yarinya ta faɗa, a saya ko a bari.

Na dubi abin nan a hannun telan. Wallahi ba na son sake ganinta. Amma da na tuna sunana da kwatancen gidanmu za su koma Shehuri, shagon da masu kaki ke shiga suna fita, sai na ji bakina ya ce, “A saya.”

Baffa ya ce madalla, amma sallama sai dillali ya dawo, don ba a zagaye dillali. Telan ya yarda, da sharaɗin ba za a buɗe ta ba sai ƙaninsa ya zo ya cire shi. Ya ce shi da kansa zai ɗinka mata riga wadda ba ta da baki, a ɗinke ta ruf. Har ya zare igiyar wuyansa ya fara auna ta.

Ni dai duk ba wannan ne a gabana ba. Na ce, “Baba Bulama.” Bai ji ba. Na sake cewa, da ɗan ƙarfi.

“Za a kama ni?”

Ya tsaya da taunar goro ya dube ni, kamar sai yanzu ya lura da zani biyun da ke jikina.

“Fero, wa zai kama ki? Babu mai nemanki. Ga wanda za a kama nan yana awo.”

“Baba Bulama, don Allah a hankali,” in ji telan.

Daidai nan aka fara kiran magariba. Baffa ya zauna yana kwance ƙullinsa a tsanake, don igiyar mai kyau ce, ba ya son a yanka ta. Na zauna daɓas a ƙasan zauren. Wani abu ya taso mini daga ciki, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun, ban sani ba. Ta ƙi tsayawa. Telan ya durƙusa a gabana da igiyar awonsa a hannu, yana cewa, “'Yar'uwa, don Allah ki rage murya, a waje sun ɗauka har yanzu kanar ne a ciki.”